Ranar da Na Yi Odar Masa a Zauren Malam Buba

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba a Gwandu, ranar da na ci abinci mafi daɗi a rayuwata, na kuma so ƙasa ta tsage in shige.

Ni Bazazzagi ne, koyarwa ta kawo ni garin. Da yake gwauro ne ni a lokacin, cikina ya sa na san lungunan da ko 'yan gari ba su damu da su ba. Wuraren abinci na gaskiya a Gwandu ba su da allo a ƙofa. Cikin gidaje suke, sai dai ka bi ƙamshi ko wani ya yi maka kwatance. Na san mai dambun zogale ta bayan tasha, na san gidan da ake kawo kindirmo daga Dalijan tun da sanyin safiya. Malaman makarantarmu har suka fara tambayata inda za su ci, ni kuwa kaina ya kumbura.

Wuri ɗaya ne ya rage mini, gidan Inna Kulu mai masa. Malam Danjuma, abokin aikina ɗan Zuru, ya sha ba ni labarin romonta har yana lumshe ido. Kwatancensa shi ne: ka shiga tsohuwar unguwa, ka sha kwana ta hagu, za ka ga gida mai dogonyaro da tabarma a zaure. (Bai gaya mini cewa kowane gida a layin yana da dogonyaro ba.)

A lokacin ina neman auren Hadiza, 'yar Kalgo. Mahaifinta ya turo babban wanta, Yaya Bashir, ya zo ya ga zamana, kuma kowa ya san abin da ya koma ya faɗa shi za a bi. Mutum ne marar yawan magana. Ni kuma da na ga shiru sai bakina ya buɗe. Na ce masa, "Yaya, yau zan kai ka inda ba kowa ya sani ba. Ni ɗan gida ne a can."

Muka ajiye babur a gindin dogonyaron farko da na gani. Ga zaure a share tas, ga tabarma, ga wani dattijo Bafulatani a kan buzu yana tufkar igiya. Na yi sallama a gurguje, na miƙe ƙafa.

"Baba, a kawo mana masa faranti biyu, a cika romo."

Dattijon ya dube ni, ya dubi Yaya Bashir, ya yi murmushi. "Marhabin da baƙi. Kun taho lahiya? Masa dai babu ta yau, amma ku dakata." Ya ajiye igiyarsa ya shiga ciki.

Da kansa ya fito ɗauke da baƙin akushi, ya koma ya kawo ruwan randa. Tuwon gero ne da miyar kuka, man shanu yana yawo a kai. Wallahi loma ta farko sai da na yi shiru, abin da ba halina ba. Daddawar ta ji, tuwon laushi kamar auduga, ga ƙamshin hayaƙin itace. Na ci tuwo a gidaje da yawa, ban taɓa sanin haka yake ba.

Da na dawo hayyacina sai na tuna ni ne masani. Na juya miyar da yatsa na ce, "Baba, miya ta yi, amma yau ba nama ne?"

"Akwai shi," in ji dattijon. Ya sake tashi.

Jim kaɗan muka ji kukan kaza a cikin gida, sannan shiru. Na zunguri Yaya Bashir. "Ka ji ko? Nan komai sabo ake yi." Daga baya kuma aka fara daka, turmi biyu a tare. Na ce, "Ka ji ciniki, ko hutawa ba sa yi." Yaya Bashir bai ɗago kai ba, zufa kawai yake sharewa. (Na ɗauka yaji ne.)

Mun daɗe muna jira, har na yi tsaki na ce matsalar wurin nan jinkiri. Kaza ta iso a soye cikin man shanu, aka biyo ta da fura a ƙwarya, an dama ta da nonon da aka tatso a ranar. Na ci, na sha, na yi gyatsa, na sa hannu a aljihu.

"To Baba, nawa ne namu?"

Dattijon ya sunkuyar da kai kamar shi ne ya yi abin kunya. Ya ɗauki igiyarsa yana juyawa.

"Ɗana, hala gidan Kulu kuka nema? Yana can gaba, mai koren ƙyaure. Kuma ba ta toyawa ran Laraba. Nan gidana na, ni ab Buba."

Na ce, "To wannan tuwon fa?"

"Na rana na, na iyali. Kak ka damu, ga su can suna daka wani."

Wato dakan da nake ta yabawa, na mutanen da na cinye wa abinci ne. Kazar da na yi alfahari da ita kuwa, daga baya na ji ita ce mai yi musu ƙwai. Na durƙusa ina ba da haƙuri, kalmomi suna ta karo da juna. Ya ɗaga hannu. "Wanda yas shigo zaurena da yunwa, mi zan ce mai? Allah ya kawo ku."

A hanya na tambayi Yaya Bashir ko yaushe ya gane. Ya ce, "Tun da nig ga akushin. Wa ka saida abinci cikin akushin maigida?" Na ce to me ya hana shi yi mini magana? Ya ce tsohon ya riga ya karɓe mu a matsayin baƙi, in ya tona, tsohon ne zai ji kunya.

Na sallama cewa aure ya tafi. Ban yi barcin kirki ba har Juma'a, da Hadiza ta kira tana dariya har da tari. Wai Yaya Bashir ya gaya wa mahaifinsu, "Yaron ga surutu gare shi, kuma bai san hanya ba. Amma na ga ya durƙusa har ƙasa, idonai ya kawo ruwa. A ba shi."

Yanzu 'ya'yanmu biyu. Duk Sallah nakan kai wa Malam Buba kaza, shi kuma ya sa a yanka ta a soya mini, don haka har yau ban rama ba. Masar Inna Kulu kuwa ban taɓa ɗanɗanawa ba, domin sai an wuce ta ƙofar Malam Buba, shi kuma ba ya bari in wuce ban ci nasa ba.

Abin da na koya ɗaya ne. Ko gidan abinci mai allo da fitilu na shiga, sai na tsaya a bakin ƙofa na tambaya a hankali, "Don Allah, nan ana sayarwa?"