Koyil Ɗin Jafaru

"Lafiya ƙalau, mijin da ya shanya ni a titi," in ji Kande, ko kallon jikanta Jafaru ba ta yi ba.

Kwana shida ke nan da rasuwar ƙanwarta Lami. Ranar da aka aiko cewa jikin ya tsananta, Jafaru ne ya ɗauko ta daga Daura a motarsa ta haya, suka nufi Babban Mutum. Suna wuce Zango motar ta mutu. Koyil ne, abin da ke ba filogi wuta. Da ya yi zafi sai ya ɗauke. Kande ta cire ɗankwalinta, suka jiƙa shi da ruwan buta suka lulluɓa masa har ya huce. Sau uku suna haka kafin Baure.

Yau da ya zo gaishe ta a gidanta na Daura, Jafaru ya ce nauyin zunubanta ne ya fi ƙarfin injin. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin motar da ke zazzaɓi ba sai tasa, kuma takardar sakinta take jira. Ya tambaye ta wa zai kwashi amarya mai haƙori biyu. Ta ce ko da biyun ta fi koyil ɗinsa riƙe amana.

Nan ya bar wasan. Can ya faɗa mata gaskiya: Nnaemeka mai kayan mota ya nuna masa guda biyu, tsohon na asali da sabo mai araha. Bai ɓoye masa ba, ya ce sabon wani ya shekara, wani ko mako ba ya kaiwa, kuma ido ba ya bambanta su. Jafaru kuwa ƙyallin kwalin sabon ya bi.

"Da ya ƙara ɗaukewa sau ɗaya, Iya, da ba ki same ta da rai ba. Abin nan bai bar ni ba."

Kande ta daɗe tana jan carbi. Ta ce ta same ta, har Lami ta buɗe ido ta yi mata dariyar jiƙaƙƙen ɗankwali, kuma ita ce dariyarta ta ƙarshe.

"To yanzu me ka sa wa akwalar?"

"Tsohon na sa. Na lura tsofaffi sun fi wuyar mutuwa, ga ki nan."

Dariya ta ƙwace mata, ta farko tun ranar jana'iza. Ta tura masa ƙwaryar fura.

"Na fasa sakin. Gobe addu'ar bakwai, kuma gaban motar zan zauna."