Ranar da Shanya Ta Tare wa Alhaji Hanya

Ba na jin zan taɓa mantawa da wannan Larabar, kuma bari in gyara wa mutanen Kura zance: masu cewa matan gumi ne ba su gane tsarin ba, ƙarya suke. Sun gane sarai. Ni ce dai.

Ina aiki a ofishin wani injin casar shinkafa. Alhaji, mai wurin, ya tura ni bita Kano, aka koya mana yadda kamfani ke kafa babban buri ɗaya, kowane sashe ya ɗauki nasa ƙaramin burin da zai kai ga babban. Abin ya burge ni. Tun a mota nake tunanin ko zai yi aiki a kan su Inna Talatu, shugabar matan gumi, wato masu turara mana shinkafa. (Ban tsaya ƙarshen bitar ba, na ga ai na gane.)

Da na dawo sai na bi kowa daban. Masu gumi na ce su ninka abin da suke turarawa. Masu shanya kuwa na ce kada buhu ya tashi sai ya bushe ƙarau.

"'Yar nan, kin gaya wa su Sabo?" in ji Inna. Sabo ne babban masu shanya.

"Inna, ke dai hura wuta."

Ta kuwa hura. Kafin azahar filin shanya ya cika, ga jiƙaƙƙiyar shinkafa tuli tana tururi, in ta kwana a haka tsami za ta yi. Sabo ya ƙi kwashe shinkafar jiya daga filin, wai burinsa bai cika ba. Muka shimfiɗa tamfol har bakin titi.

Daidai nan Alhaji ya iso da baƙin da ya gayyato ganin sabon tsari. Mota ba ta da wurin shiga. Na ruga tarbarsu, santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas cikin shinkafa mai zafi.

Alhaji ya leƙo ta taga. "Malama, wannan zaman shi ma yana cikin tsarin?"

Sai tabarmin maƙwabta muka aro kafin shinkafar ta tsira. Abin da ke ba ni mamaki har yau: a ƙarshe kowa ya cika burinsa, amma ko buhu ɗaya ba a casa ba.

Ranar Asabar zan zaunar da Inna da Sabo a tabarma ɗaya, su yanke burin da bakinsu. Ni kuma zan gwada yin shiru, in ga ko zan iya.