Gonar Ɓacewa ta Ubale Amurka

"Ku dai ba ni kujerar nan ku zuba ido. Wallahi kafin baɗi sai Turawa sun yi layi suna roƙon bizar shiga Ɗanzomo!"

Mai wannan magana Ubale ne, wanda tun da ya dawo daga ƙasar waje ake ce masa Ubale Amurka. Kada ka ji sunan ka zaci shekaru ya yi a can. Kwana goma sha tara ne, har da biyun da ya ƙare a jirgi. Ɗan yayarsa Yazid, likitan dabbobi, shi ya kai shi a duba masa ido, ya ajiye shi a wani ɗan ƙaramin garin manoma a jihar Ayowa, garin da Gagarawa ta fi shi hayaniya ko ranar da ba kasuwa. Amma idan Ubale ya gyara zama ya fara ba da labari, sai ka rantse shi ya shimfiɗa musu kwalta.

Kujerar da yake nema ta shugaban ƙungiyar ci gaban gari ce. Ranar Asabar bayan la'asar dattawa ashirin da ɗaya za su ɗaga hannu. Abokin takararsa Abdulbaƙi tela ne, mutumin da ko Dutse bai cika zuwa ba, kuma wannan ya fi komai ci wa Ubale rai.

Ya sami Malam Hussaini, babban dattawan, a gindin dalbejiya.

"Allah ya ja kwana, Malam. Ka san abin da ke garin su Yazid? Ba komai! Titi ɗaya, tankin ruwa, shagon aski, sai wata tsohuwa mai sayar da zuma. Amma duk Asabar motoci maƙil. Me suke zuwa gani? Na ɗaya, rumfar taraktocin da suka mutu tun ba a haife ni ba. Na biyu, gasar kabewa, wadda ta fi girma a ɗaura mata ƙyalle a yi ta hoto da ita kamar amarya. Na uku, gonar masara da aka yanka wa hanyoyi a murɗe, mutum ya shiga da ƙafarsa don ya ɓace."

"Ya ɓace?" in ji Malam Hussaini. "Da gangan?"

"Da gangan, har da iyalinsa, suna dariya! Sirrin Amurka allo ne, Malam. Duk abin da ka kafa wa allo ya zama abin kallo."

Dattijon ya shafa gemu. "To, ka nuna mana ranar Asabar da hantsi. Da la'asar sai mu ɗaga hannu."

Ranar Litinin Ubale ya sa shanun huɗa suka jawo gawar wata tarakta da ta shekara ashirin a bayan gidansa kaji na ƙwai a cikinta. Aka ajiye ta a bakin hanyar Gumel, ya kafa allo: GA TSOHON ƘARFE, KOWA YA MATSO. Ranar Alhamis ya hau acaɓa zuwa kasuwar Maigatari ya dawo rungume da kabewa kamar tulu, ko gabansa ba ya gani. Gonar dawarsa kuwa, wadda ta fi mutum tsawo ta kusa nuna, tun Talata ya zana taswira a takarda ya miƙa wa 'yan ƙwadago uku, ya ce su sare yadda ya zana.

Matarsa Tayyiba ta tsaya riƙe da ludayi. "Maigida, dawar da za mu ci ce ake sarewa don mutane su ɓace? In ɓacewa suke so, su tafi Kano ba waya."

"Ke ba ki waye ba. Ki dai shirya abincin mutum ashirin da ɗaya ranar Asabar."

"To, Bature mai cin tuwo da hannu."

Asabar ta zo. Ubale ya ɗaura babbar riga mai aska takwas, ya maƙala baƙin tabarau, ya shige gaban dattawa yana tafiya kamar wanda aka ce ya auna ƙasa. Suka isa bakin hanya. Allo na nan daram. Ƙarƙashinsa ga sitiyari, ga wata kaza tana dube-dube kamar wadda aka tasa daga gidan haya. 'Yan gwangwan masu tsintar tsohon ƙarfe ne suka biyo hanyar jiya ana sallar Juma'a, suka karanta allon, suka ga an kira su da sunan sana'arsu, suka matso.

Ubale ya gyara tabarau. "Haka ake yi a can ma. A kan bar wurin saboda tarihi."

"Madalla," in ji Malam Hussaini. "Mun ga wurin."

Aka wuce gida. A zaure aka shimfiɗa tabarmi, tuwo ya fito da miyar taushe mai kauri, dattawa suka naɗe hannun riga. Da aka sha ruwa Ubale ya miƙe ya gyara murya.

"Yanzu za ku ga kabewar da babu irinta daga nan har Damagaram. Tayyiba! A turo gwanar!"

Muryarta ta fito daga bayan labule. "Wace gwana?"

"Kabewar gasa mana!"

"Ai ita kuka gama suɗewa. Ka kawo kabewa gida, ka ce baƙi ashirin da ɗaya na tafe. Me kake so in yi da ita, lalle?"

Malam Hussaini ya lashe ɗan yatsa a hankali. "Ubale, in dai gasa ce, ta ci."

Saura gona. Nan ne fa ya zuba duk ƙarfinsa. A bakin wata faffaɗar hanya da aka sare cikin dawa ya tsayar da su ya karanta doka: ba a ratsa kara, hanya kawai ake bi, wanda ya ɓace ya ɗaga gora mai farin ƙyalle a zo a cece shi.

Dattawa suka shiga. To, ka san mutanen nan kowannensu a gona aka yanke masa cibiya. Suka ɗaga kai suka hango kukar da ke gabas, kowa ya sa hannu ya raba kara, suka miƙe ɗoɗar. Kafin ka tauna goro ɗaya duk sun fito ta wancan gefen suna kakkaɓe riga.

"Dawar nan tana son taki."

"Akwai wuta-wuta a tsakiya, a gaya masa."

Ubale ya zagayo yana haki. "Maguɗi! Wannan maguɗi ne! Ba haka ake ɓacewa ba! Ku zauna nan gindin kuka in nuna muku yadda wayayyu ke yi."

Ya koma ƙofa, taswira a hannun dama, gora a hagu, ya shige.

Abin da bai sani ba shi ne, 'yan ƙwadagon nan ma manoma ne. Duk inda taswira ta ce a sare suka tarar da zangarniya ta cika ta sunkuya, hannunsu ya ƙi. Sai su kauce su sare inda dawar ta tsumbure. Saboda haka takardar hannunsa da gonar da yake ciki ko gaisawa ba su taɓa yi ba.

Taswira ta ce dama, ya tarar da kara. Ya juya hagu, ya dawo inda ya tofar da goro ɗazu. Ya sake zagayawa, ga goron dai. Rana ta take. Ƙaiƙayi ya shige masa wuya ya gangara har inda ba a faɗa. Ratsa kara kuwa ba dama, don da bakinsa ya kira shi maguɗi, kuma ƙarar za ta kai kunnen masu ƙuri'a. Da ya ga abin ya fi ƙarfinsa sai ya ɗaga gora ya hau kaɗawa.

Daga gindin kuka wani dattijo ya hango. "Allah sarki, ga shi can yana korar tsuntsaye. Ashe yana son gonar."

Suka tafi azahar, suka dawo. Aka kira la'asar, suka yi ta nan gindin kuka. Ubale na jiyo muryar Abdulbaƙi tela yana gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ga shi kusa kamar ya miƙa hannu, ga hanya ta ƙi.

Sai ya ji huci a ƙeyarsa. Wata farar saniya ce cikin garken Kawu makiyayi. Ta ga faffaɗar hanya a buɗe ta ɗauka burtali ne, ta shigo tana figar dawa dama da hagu. Can ta gefen kuka Kawu ya ɗaga murya ya kira ta da Fillanci. Ta ɗaga kunne, ta juya, ta kama wata siririyar hanya da Ubale ya wuce sau shida bai gani ba. Bai tsaya shawara ba, ya yar da gora ya cafke wutsiya.

Haka suka ɓullo gaban dattawa: saniya a gaba tana tauna, Ubale a baya takalmi ɗaya, tabarau a haɓa, riga ta rabu biyu.

"Ubale, sakar mini wutsiya," in ji Kawu. "Ba a ba ta biza ba, ko'ina ba za ta kai ka ba."

Abdulbaƙi ya duba rigar da idon sana'a. "Ka aiko da ita gobe, za ta ɗinku."

Nan take aka fara zaɓe. Aka kira sunan Abdulbaƙi, hannaye suka tashi. Ubale ya ƙirga yana susa: ashirin. Ya ga Malam Hussaini bai ɗaga ba, sai ƙirjinsa ya sake kumbura.

"Kun gani ko? Babbanku ya san daraja! Malam, ɗaga mini, su ji kunya."

"A'a, Ubale," in ji dattijon. "Ni jira nake a kira sunan saniyar. Tun safe ita kaɗai na ga ta fitar da mutumin Ɗanzomo daga wahala."