Ruwan da na kai wa Kaka

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da na tsaya gaban kakata da gorar ruwan ƙarya a hannuna ba. Har yau idan na tuna sai na ji kunnuwana sun yi zafi.

Lokacin ina da shekara goma sha biyar, muna hutun lekol, wato makaranta, na damina. Kaka ta yi wata biyu a kwance a gidanmu na Dogon Dutsi. An kai ta likita, an dawo da ita da leda cike da magani, amma kullum ƙara ramewa take yi. Fura ma, wadda a da take iya faɗa da kowa a kanta, sai ta kurɓa sau ɗaya ta ture.

Da aka yi wani babban ruwa ranar Talata, sai ta ce abu ɗaya take marmari, ruwan Mazuba. Wani dutse ne a bayan ƙauyensu, can gaba da Ɗan Kassari, inda ruwa ke zubowa daga sama idan an yi ruwa mai ƙarfi. Kwana biyu ko uku yake yi ya ɗauke. Can take wanki tun tana yarinya, kuma ta fi shekara talatin ba ta je ba.

Kawu Isuhu, ƙanin mahaifiyata, ya ɓata rai. Shi ba ya son duk abin da ya shafi duwatsu da kogunan ƙauye, yana ganin harkar iskoki ce.

"Inna, ruwa ai ruwa ne," in ji shi. "Ga na pompo nan mai tsabta."

"Isuhu, ƙishirwa nike ji, ba bori ba," in ji Kaka. Sai ta juyo gare ni. "Ko mijin nawa ma ba shi iyawa?"

(Haka take kirana tun ina rarrafe. Ni kuma ina ce mata tsohuwar amarya.)

Na buga ƙirji. Na ce ko a bayan Agadas ruwan yake zan kawo shi kafin la'asar. Gaskiyar magana, ba ƙishirwar Kaka ce ta fara zuwa raina ba. Hoto na hango. Ni tsaye a gaban ruwa mai zubowa, da sabon farin takalmina na ƙwallo, 'yan ajinmu suna kallo a salula suna cizon yatsa.

Washegari da sassafe muka hau mota ni da abokina Bashiru, muka sauka Ɗan Kassari, kabu-kabu ya kai mu ƙauyen. Wani dattijo da ke gyaran amalanke ya nuna mana hanya da leɓe, ya ce, "Ga shi nan bayan tudu, ba nisa."

Ina so in ja kunnen duk ɗan gari game da "ba nisa" ta mutanen ƙauye. Mun ratsa gonakin hatsi da suka fi mu tsawo, mun hau tudu mun sauka, mun tarar da wani tudun yana jiranmu. Ƙarangiya ta kama wandona har ya yi nauyi. Farin takalmina ya koma kalar miyar kuka. Sau uku ina ce wa Bashiru idan na mutu ya ba ƙanena salulata, amma ya goge saƙonni tukuna.

Wajen azahar muka fara jin ƙarar. Wata irin ƙara ce mai zurfi, kamar babbar mota tana tahowa amma ba ta isowa. Tsakaninmu da ita akwai wani kwari da jan ruwa ke gudu a ciki, ga laka a baki.

Nan na tsaya. Na ce wa Bashiru saboda takalmina ne. Ya ce in cire. Na ce akwai ƙaya. Ya ce ai babu ƙaya a cikin ruwa. (Bashiru yaro ne mai taurin kai, ba ya gane lokacin da mutum ke neman mafita.) Abin da ban faɗa masa ba shi ne tsoro nake ji. Duk labaran doguwa da na sha yi wa dariya a gaban Kawu sun dawo mini a lokaci ɗaya, kuma ban iya iyo ba. Muna cikin gardama wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba ta zo da awakinta, ta ratsa ruwan, bai ko kai mata gwiwa ba. Ta waiwayo ta dube mu, ta wuce.

Ko hakan bai sa na shiga ba. Na gyara tsayuwa na ce, "Ruwa ai ruwa ne." Maganar Kawu na aro, ban kuma ji kunya ba.

A tashar Ɗan Kassari na cika gorar da ruwan pompo. Da na tsaya nan, da laifina ya zo da sauƙi. Amma ni mai wayo ne. Na duba na ga ruwan ya yi fari da yawa, na tuna jan ruwan kwarin nan, sai na duƙa na ɗebi ƙasa a bakin hanya, inda motoci ke tsayawa, na zuba na girgiza. Bashiru ya ce shi babu ruwansa, da muka dawo Dogon Dutsi ya sauka a unguwarsu.

Na tarar da ɗakin Kaka cike. Mahaifiyata na gefenta, ga Kawu Isuhu, ga maƙwabta mata uku da suka zo dubiya. An jingina ta da matashi. Da ta ga gorar sai fuskarta ta yi haske irin wanda na daɗe ban gani ba.

"Mijina ya dawo. Zamna ka ba ni labari. Mi ka gani?"

Na buɗe baki. Na ce ruwan ya fi eriyar rezon salula tsawo. Na ce feshinsa ya jiƙa ni tun daga nesa, na ce na shiga har wuya, na ce wani kada ya kalle ni na kalle shi. Matan suna ta salati.

"Kukar nan ta gindin ruwan fa, tana nan?" in ji Kaka.

"Tana nan daram. A inuwarta ma muka huta."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce a ba ta ƙoƙo. Mahaifiyata ta zuba, ruwan ya fito ja, wani ɓawon gyaɗa yana yawo a sama. Kaka ta sunsuna. Ta daɗe tana kallon ƙoƙon, sannan ta ɗago ta kalle ni. Babu fushi a idonta. Ta ce bismillah, ta ɗaga ƙoƙon ta nufi baki.

A nan ne na tuna inda na ɗebo ƙasar. Bakin tasha, inda jakuna ke tsayawa, inda ake zubar da baƙin mai. Ga tsohuwar da fura ma ba ta zama a cikinta.

Na riƙe hannunta.

"Kaka, kada ki sha."

"Don mi? Ba na Mazuba ba ne?"

"Na pompo ne," na ce, muryata kamar ta ɗan akuya. "Ban kai ba. Ƙasa na zuba."

Ɗaya daga cikin matan ta ce, "To, kadan fa?" Ba wanda ya yi dariya. Mahaifiyata ta sunkuyar da kai, kuma wannan ya fi mini mari ciwo.

Kaka ta ajiye ƙoƙon. "Na sani tun da ka shigo," ta ce. "Ruwan Mazuba ta cikin dutse yake biyowa, kwana ɗaya bayan ruwan sama fari yake tas. Kuma ba a taɓa yin kuka a wurin ba, ɓaure ne." Ta numfasa. "So nike in gani ko za ka bar ni in sha."

Ta shafa kaina ta ce Allah zai kawo wani hadarin.

Amma damina ta riga ta yi nisa. Kwana goma sha ɗaya ina kallon gabas. Hadari ya haɗu ya watse, ya sake haɗuwa ya watse, Kaka kuma maganarta tana ƙara raguwa. Ban taɓa roƙon ruwa da gaske ba sai a kwanakin nan, ni da ko gona ba ni da ita.

A rana ta goma sha biyu aka yi ruwa. Washegari da safe na ɗauki gora, sai na tarar da Kawu Isuhu ya fito da babur ɗinsa. Bai ce mini komai ba sai "Hau." Na ratsa kwarin da silifas a hannu, ruwan ko gwiwa bai kai ba. Mazuba kuwa bai wuce tsawon katangar gidanmu sau biyu ba. Ga ɓauren ya kama dutse da saiwoyinsa, ga ruwan fari, mai sanyi har haƙori. Ban tuna da hoto ba sai da muka kama hanyar gida.

Kaka ta kurɓa sau biyu ta rufe ido. Ta daɗe haka. Da ta buɗe sai ta ce, "Yau ba ka sa mini kayan haɗi ba, mijina?"

Ta rasu bayan an gama girbi.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Har yanzu ina ƙara gishiri a labari, 'yan ajinmu shaida ne. Amma na daina yi wa wanda ya san wurin, kuma duk wanda ya tambaye ni ko wata kuka tana nan, sai na fara tambayarsa ko dā ma akwai ta.