Furen da Ya Sa Na Yi Wasiyya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta ma abokaina ba za su bari ba, da makon da na yi wa duniya bankwana a Kuala Lumpur saboda fure guda ɗaya tak.

Karatun digiri na uku ne ya kai ni Malesiya, a fannin tsirrai, a wata jami'a da ke titin Jalan Semarak. Abin da malamata, Farfesa, ta ɗora ni a kai shi ne magnoliya, wata bishiya ta ƙasashen ƙanƙara. Halinta ke nan: sai sanyi ya dake ta na watanni, ta zubar da ganye ta tsaya kamar busasshen itace, sannan ta yarda ta yi fure. In ba ta sha sanyin ba, ba za ta buɗe ba. In kuma ta buɗe sanyin ya dawo da ƙarfi, furen ya ƙone ya koma ruwan ƙasa. Aikina shi ne in gano iya sanyin da take buƙata da wanda take iya jurewa. (Ni ɗan Gwammaja a Kano, da ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta cikin zoɓo, ga ni a garin da kana fitowa daga wanka gumi yake taryar ka, wai ina binciken sanyi. Kada ka tambaye ni dalili. Inda tallafin karatu ya nuna, nan na bi.)

Da korona ta shigo aka kafa dokar kulle, sai aka ce za a rufe ɗakin bincikenmu. Farfesa ta raba mana tsirran kowa ya tafi da nasa gida. Ni na samu tukunya ɗaya a cikin wani ɗan firji mai ƙofar gilashi, irin na masu sayar da lemo. Na kai shi gidanmu a Sentul, na ajiye a falo, na kira matata Rukayya, wadda a lokacin take da cikin fari, na yi mata huɗuba.

"Kin ga wannan itacen? Digirina ne. Ko da wasa kada ki buɗe firjin nan."

"To, Yallaɓai. Itacen wuta dai a firji, Allah Ya ba da sa'a."

Wanda bai zauna a garin nan a lokacin ba ba zai gane irin tsoron da muka sha ba. Titin da ke ƙasanmu, da kullum yake cike da motoci, ya yi tsit, babu abin da kake ji sai jiniyar motar asibiti. Muna gani a waya ana zagaye dogayen gidaje da waya mai ƙaya, ba shiga ba fita. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda ake jana'iza: mutane cikin fararen kayan leda, ba dangi, ba wanda ya san ka. Ni kuwa dama matsoraci ne tun asali. Albasa ma in an kawo mana sai na wanke ta da sabulu.

A zauren WhatsApp na ɗalibanmu 'yan Najeriya kowa ya zama likita. Can na karanta cewa alamar farko ta korona ita ce ka daina jin ƙamshi. Daga ranar hancina ya zama abin duba na safe da yamma.

Ana cikin haka itacen ya yi abin kai. Wani ƙulli mai gashi-gashi, kamar an sa masa rigar sanyi, ya tsage, farin fure ya fito. Ƙamshinsa siriri ne, mai daɗi, sai ka kai hanci kusa za ka ji. Na yi murna kamar an yi min haihuwa. Sai na haɗa aiki biyu a ɗaya: kowace safiya in cire tabarau, don da na buɗe ƙofar suke yin hazo, in zura kai cikin firjin in shaƙa. In na ji ƙamshi, digiri yana raye, ni ma ina raye. (A nan ya kamata in faɗa maka, ni in ba tabarau, ko kai da ƙanenka kuka tsaya a gabana sai kun yi magana zan bambance ku. Kuma Farfesa ta hana mu taɓa furen da hannu.)

Wata safiya na zura kai na shaƙa. Shiru. Na sake ja da ƙarfi har kunnena ya yi ƙara. Babu komai sai sanyi.

Ga shi dama kwana biyu ina ɗan atishawa, maƙogwarona yana ƙaiƙayi. Ko kusa bai zo min a rai ba cewa mutumin da yake cusa kansa a firji kullum dole ya yi mura. Na juya na kalli Rukayya tana kicin da cikinta a gaba. Na ce a raina ba zan faɗa mata ba, kada firgici ya taɓa cikin. Na ɗauki bargo da buta da darduma, na shige ƙaramin ɗaki na murza makulli.

"Yallaɓai, lafiya?"

"Kada ki matso kusa da ni. Ki riƙa ajiye min abinci a bakin ƙofa."

Na ji ta ja ƙafa ta tafi a hankali.

Mai hankali zai ce, to me ya hana ka shinshina wani abin? Na shinshina. Maƙwabcinmu ya yi odar durian, wani ɗan itace na can mai tsananin wari, warinsa ya biyo ta taga ya same ni har kan darduma. Amma na ce ai durian ko gawa sai ta ji. Rukayya ta sa daddawa a miya, na ji ta sarai, na ce ciwon daga ƙamshi mai laushi yake farawa, sannan ya gangaro kan masu ƙarfi. Duk wata hujjar da ta zo da albishir sai na kore ta. Asibiti kuwa tsoron zuwa nake, don gani nake ina faɗa za a zo a zagaye gidan da waya, a tafi da ni, a bar yarinyar mutane ita kaɗai a ƙasar da ba ta da kowa.

Da safe, idan na tabbatar tana banɗaki, sai in lallaɓo da takunkumi biyu, in ja su ƙasa, in shaƙi furen. Kullum shiru. Abu ɗaya ne yake sanyaya min rai: furen ko yanƙwanewa bai yi ba. Na magnoliya ba ya daɗewa yake faɗuwa, amma nawa yana nan fes kamar ranar farko. Na ce Allah Sarki, ga babban bincike ya samu, ga mai shi zai tafi.

A rana ta uku ko ta huɗu, bayan la'asar, na ji Rukayya ta zauna a bayan ƙofa tana kuka.

"Don Allah ka yi haƙuri. Na san na yi laifi. Wallahi ba da gangan ba ne. Ka yafe min."

Nan take hawaye suka ɓalle min. Na ce shi ke nan, ta gane tafiya ce ta zo, ga ta tana neman yafiya tun ina da rai. Na jingina goshi da ƙofa.

"Rukayya, na yafe miki duniya da lahira. Abin da na sani da wanda ban sani ba."

"Da gaske? Har zuciyarka?"

"Har zuciyata. Ni ma ki yafe min."

"Alhamdulillah!" in ji ta, da wata irin murya ta wanda aka sauke wa kaya. Har da tambayata ko zan ci indomi. Raina ya ɗan sosu, gaskiya. Na zaci kukan zai fi haka tsawo.

Daga nan sai na buɗe babin bankwana gaba ɗaya. Na kira Umma a Kano na ce ta yafe min nonon da na sha. Ta rikice tana ta "ɗan nan, me ya same ka?" ni kuwa ina ta kewaye-kewaye. Na tura saƙon murya a zauren ɗalibai, ina shessheƙa, na ce duk wanda na ɓata wa ya yafe, kuma na bar amanar iyalina a hannun Kabiru, abokina da muke ɗakin bincike ɗaya. Ya kira ni nan take.

"Guy, wai what's going on? Ka je ka yi test mana!"

"Kabiru, ba na jin ƙamshi."

"Innalillahi. To ka dai daure ka shigo meeting gobe, sai mu gaya wa Prof."

Washegari muka haɗu a Zoom. Akwai Farfesa, da ɗalibai 'yan ƙasashe daban-daban, da wani dattijon Bature da muke aiki tare da shi, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana renon magnoliya a ƙasar da ƙanƙara take rufe ƙofar gida. Da aka zo kaina, na gyara murya na ce wataƙila wannan ne rahotona na ƙarshe, don ina zaton na kamu. Wata ɗaliba ta rufe baki da hannu. Sai na ce amma ina da albishir da zan bar wa ilimi: furena ya wuce mako bai ko motsa ba.

Dattijon ya matso da fuskarsa har hancinsa ya cika allon. Ya ce shi tun yana saurayi yake wannan sana'a bai taɓa ganin haka ba. Ko zan nuna musu?

"Boleh, boleh, show us," in ji Farfesa, wato ba laifi, in nuna musu.

Na sa takunkumi biyu da safar hannu, na ɗauki waya na fito falo. Na daka wa Rukayya tsawa ta matsa can bakin kicin. Na buɗe firjin na kara wayar.

"Closer lah," Farfesa ta ce.

Na ƙara matsawa. Can dattijon ya yi gyaran murya, ya tambaya cikin ladabi, wai mene ne wancan abin da yake ƙyalli a tsakiyar furen?

A karon farko na goge tabarau na mayar a idona ina gaban furen. Dutsen ado ne, irin wanda ake liƙa wa mayafi. A ƙasansa ga farin zare an naɗe shi tsaf a jikin reshe, har da ƙulli biyu. Na kai hannu na taɓa. Yadi ne. Yana cikin furannin da Rukayya ta saro a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman kafin kulle, tana ɗinka wa matan ɗalibai a gyale. Wato kwana da kwanaki ni, mai neman zama dakta a ilimin tsirrai, ina shinshinar tsumma ina kuka.

Na juya na kalle ta. Na manta wayar tana kunne.

"Rukayya! Mene ne wannan?"

"Ai ka sani! Ba shi ya sa ka kulle kanka kana fushi da ni ba? Ruwa mai sanyi kawai na sa a ciki, cikin nan ne yake sa ni jin zafi, gorar ta goge shi ya faɗi."

"Shi ne ba ki faɗa min ba?"

"Na zo na ba ka haƙuri, ka ce ka yafe min duniya da lahira! Har wanda ba ka sani ba, ka ce!"

Da Allah Ya taimake ni, da babu mai jin Hausa a taron. Amma akwai Kabiru. Farfesa ta tambaye shi me ake cewa, shi kuwa ɗan albarka ya fassara musu kalma bayan kalma, har da duniya da lahira, yana yi yana shiɗewa don dariya. Dattijon ya cire tabarau yana share hawaye. Farfesa ta kashe kyamararta, amma ta manta da sautin, muna jin ta tana bubbuga tebur. Ni dai ina tsaye da takunkumi biyu da furen yadi a hannu, ina roƙon Allah Ya ɗauke wutar Sentul gaba ɗaya.

Rukayya ce ba ta yi dariya ba. Sai a lokacin ta gane abin da ya sa na kulle kaina. Ta zo ta tsaya a gabana, idonta ya kawo ruwa.

"Wato kana can kana tunanin mutuwa za ka yi, ni ina nan ina dafa indomi? Ka ɓoye min?"

"Don kada hankalinki ya tashi ne."

"Ni ma ai don kada naka ya tashi na ɗinka."

Na ja takunkumin ƙasa. Ta miƙo min bawon lemun tsami daga kicin ta ce in shaƙa. Ƙamshin ya doke ni har ƙwaƙwalwa, na zauna a ƙasa daɓas.

Na je na yi gwajin dai, aka ce mura ce. Dattijon ya kwantar min da hankali, ya ce in duba reshen ƙasa, da wuya magnoliya ta yi ƙulli ɗaya. Haka kuwa aka yi, bayan ɗan lokaci wani ya buɗe, digirina ya tsira. Umma da ta ji labari, bayan ta riga ta yi sadakar ƙosai a unguwa, cewa ta yi, "Yanzu ɗan nan duk wannan karatun, tsumma ne ya kusa kai ka kabari?" Saƙon muryata kuwa har yau yana yawo. Duk sabon ɗalibin da ya sauka a garin sai an kunna masa, sannan a nuna masa ni a ce ga Dakta Gyale.

Ban zama jarumi ba, har gobe ina jin tsoro. Amma na koyi sa tabarau kafin in kira Umma neman yafiya. Kuma yanzu duk ranar da Rukayya ta zo ta zauna kusa da ni, ta karya wuya ta ce, "Yallaɓai, ka yafe min," ba na saurin zuwa lahira. Sai na fara tambaya: "Me kika karya?"