Wasiƙar da Na Aika wa Masta Sabo

Ba zan taɓa mantawa ba da hutun da na yi a gida Haɗeja bayan shekarata ta biyu a karatun lauya. A hutun ne na yi niyyar kai mutum ƙara, kuma shaidar da ta kayar da ni da hannuna na rubuta ta.

Ni mutum ne mai kunya. Ko a aji, in na san amsa, sai dai in rubuta ta a gefen littafi in jira wani ya faɗa. Babana ne ya ga na yi kwana goma ban leƙa ko ƙofar gida ba, ya ce in je in motsa jini wajen Masta Sabo, wani tela da ke koya wa samarin unguwarmu kareti bayan la'asar a filin wata firamare. Hedimasta ya ba shi aron filin bisa sharaɗi ɗaya: ranar da aka kai masa ƙorafi, ranar za a rufe ƙofa. Mun kai mu ashirin, kuma babu wani filin a kusa.

A makon farko na lura babu wata takarda da ake sa wa hannu kafin a fara. Abin ya dame ni har na yi ta maza na gaya wa Masta. Ya yi dariya ya ce in rubuto. Na rubuto shafi biyu da Hausa, sakin layi tara, ni na fara sa hannu. Tun daga ranar sunana ya koma Barista. (Ban nuna ba, amma sunan ya yi mini daɗi.) Ina kuma da ɗan littafi da nake rubuta duk abin da aka koya, da kwanan wata.

A ƙarshen damina kogi ya cika, ruwa ya shigo gefen filin ya kwanta, da ya janye ya bar laka mai santsi. A nan na gwada bugun da ake juyawa a kai da dunduniya, wanda sau biyu kawai na taɓa ganin Masta ya yi. Na zaɓi gefen ne don babu mai kallona. Ƙafa ta tafi, na dafa ƙasa, wuyan hannuna na hagu ya karye. Masta ne ya ɗauke ni a babur ya kai ni wajen maɗori, ya riƙe mini kafaɗa ana ja ina kiran sunan Allah.

Zaman jinya ne ya ɓata ni. Na jawo littafina na dokar sakaci, kullum in karanta, kullum in ƙara ganin an zalunce ni. Mai koyarwa wajibi ne ya kula da lafiyar ɗalibansa, fili kuwa da santsi. A kwana na biyar na rubuta wasiƙa da Turanci, na jera masa hanyoyin da doka ta ba ni: ko mu yi sulhu ya amsa laifinsa, ko in kai wa hedimasta kwafi, ko mu haɗu a kotu. Na ce ina da ɗan littafin nan nawa na kareti da zai zama shaida. Da yake ba zan iya kallon idonsa in faɗa ba, sai na tura masa ta waya.

Washegari da hantsi ya zo dubiya, da bandar tarwaɗa cike da leda, ya ce daga Guri aka kawo masa. Baba ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kira ni. Bayan gaisuwa, Baba ya ce ƙaddara ce, babu komai tsakaninmu. Har na fara sa ran Masta bai buɗe saƙon ba, sai ya zaro waya.

"Alhaji, Barista ya turo mini wani abu jiya. Turancin ya fi ƙarfina, sunan hedimasta kawai na gane. Na ce bari in zo ya fassara mini da bakinsa."

Haka na karanta, ina juya ta Hausa. Abin da ya yi kyau a Turanci, da Hausa sai ya fito tamkar rashin kunya. Da na zo kan kotu, Masta ya sunkuyar da kai. Ya ce shi bai ƙi a hukunta shi ba in ya yi laifi, amma in takardar ta kai wajen hedimasta, yaran nan ba su da wurin zuwa.

Baba bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi in ɗauko littafin shaidar. Ya sa tabarau ya nemo ranar, ya karanta a fili: "Masta ya ce kada kowa ya je gefen laka. Ya maimaita sau biyu." Har na ja layi a ƙarƙashi.

Masta kuwa, ba da wata manufa ba, ya laluba aljihu ya fito da takardar sa hannun nan da na rubuta masa, duk ta sha ninki. Ya tambaye ni ko har yanzu tana aiki, ko sai an sake wata. Baba ya karɓa ya sauka kan sakin layi na bakwai: duk wanda ya saɓa gargaɗin mai koyarwa, ko ya gwada abin da ba a koya masa ba, alhakin raunin yana wuyansa. (Gaskiya irin wannan takarda ba ta wanke malamin da ya yi sakaci na haƙiƙa. Na san haka, amma ban ga fuskar kawo wannan bayani ba.)

"Wa ya rubuta wannan?" in ji Baba.

Na ce ni ne.

"To lauyan Malam Sabo ya fi naka iya aiki. Ba shi haƙuri."

Na durƙusa da hannu ɗaure a wuya na ba shi haƙuri, na goge kwafin hedimasta a gabansu. Masta ya ce ya wuce, ya ƙara da cewa in ci kifin, yana haɗa ƙashi.

Har yau ana kareti a filin, kuma takardata ake sa wa hannu. Ni ma na koma bayan na warke, ina tsayawa a layin baya, nesa da laka. Darasin da na ɗauka, wanda ba a koya mana a aji ba, shi ne kafin ka nemi wanda za ka kai ƙara, ka fara karanta littafinka, musamman in kai mai jan layi ne.