Man Fuska Mai Albasa

Ba zan taɓa mantawa ba da azumin da na yi wa fuskata girki. Zamanin juyin juya hali ne a Kwatano, lokacin da kowa ya zama kamarad, wato abokin gwagwarmaya, har limaminmu na Zongo. Ina sayar da kanwa a kasuwar Dantokpa, da yamma kuma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, da furfurata a gemu. Na daɗe ina fama da baƙaƙe kamar mai jan jaki a laka, har dai malaminmu Mushe Kosi (mushen na Faransanci ne, wato malam, ba na dabba ba) ya ce ni zan yi karatu a gaban baƙi ranar rufe aji.

Matsalar ita ce fuskata. Ƙurar kanwa ta mayar da ita furu-furu kamar bangon da aka shafa wa toka. Maiɗakina Rabi ce ke haɗa min man shafawa da kitsen shanu, ga shi ta tafi duba mahaifiyarta a Kandi. Na ce a raina, mutumin da ya iya karatu, narka kitse ne zai gagare shi?

Na karɓo kitse wajen mahauci, na yayyanka, na ɗora a wuta. Da ƙarni ya taso sai na tuna Rabi na jefa albasa da citta idan tana soya kakide. Na jefa, har da tafarnuwa. (Ashe wannan na miya ne. Na fuska da ruwan gishiri ake wanke shi har ƙarnin ya fita, sannan a haɗa da man kaɗanya. Wa ya tambaye ta?) Na zuba a kwalba, ya huce, ya yi fari tas. Ranar rufe aji, bayan azahar, na lafta shi tun daga goshi har leɓe. Hancina ya riga ya saba da ƙamshin, ban ji komai ba. Na dubi madubi na ce ma sha Allah, ango.

Ajin ya cika, rufin kwano ya ɗauki zafi, yawancinmu bakinmu da azumi. Ina zama sai na ga hantunan mutane suna motsi. Mushe Kosi, wanda ba ya azumi, ya ce, "Kamarad, wa ya shigo da nama lekol?" (Haka yake kiran makaranta.)

Alhaji Ɗanjuma mai shanu, abokin zamana a benci, ya ƙura wa leɓena ido, suna ta ƙyalli. Ya matso ya yi ƙasa da murya (irin ƙasan da har na bakin ƙofa ke ji), "Malam, tafiya kake yi ne? Don matafiyi aka yi wa rangwame."

"Wallahi ina azumi, Alhaji."

"To, bakinka bai samu labari ba."

Ana cikin haka aka kira ni. Na miƙe da littafi, na karanta layi biyu lafiya lau. Sai gumi ya karyo, kitse ya narke, ya biyo karan hancina, ɗis, a tsakiyar shafi. Takarda ta yi shara-shara, rubutun baya ya leƙo ta cikin na gaba. Na sa yatsa in goge, na ƙara shafe shi. Na tsaya cak, ƙudaje biyu suna shawagi a goshina.

Babban baƙo ya ce, "Ci gaba, kamarad."

Na ce, "Ranka ya daɗe, shafi biyu ne suka haɗu, ban san wanda zan fara ba."

Aji ya fashe. Alhaji har da hawaye. Da na ga ba mafita sai na faɗi gaskiya, tun daga mahauci har tafarnuwa. Mushe Kosi ya miƙo min nasa littafin, ya ce in riƙe shi nesa da hanci. Haka na karanta har ƙarshe, ban yi tuntuɓe ko ɗaya ba, aka tafa min ana dariya. Daga ranar na zama Kamarad Kakide a Zongo.

Da Rabi ta dawo ta shinshina kwalbar, ta ce, "Maigida, wannan ai ba na zubarwa ba ne." Da shi ta dafa mana shinkafa da wake na buɗa baki, Alhaji Ɗanjuma ya ci har ya nemi ƙari.

Tun daga nan na gane iya karatu daban, iya tambayar matarka daban. Kuma duk abin da ya yi daɗi a tukunya, a bar shi a tukunya.